A Mayar wa 'Yan Asalin Amurka Ikon Hukunta Bare a Ƙasarsu

Ko'ina ka je a duniya, idan aka kira ɗan sanda gidan da ake dukan mace, tambayarsa ta farko ita ce wa ya yi, kuma yana ina. A yankunan da aka keɓe wa ƙabilun 'yan asalin Amurka, mutanen da finafinan kaboyi suka sa muka sani da sunan Indiyawan daji, sai ɗan sanda ya fara da wasu tambayoyi daban. Wanda ya yi dukan ɗan ƙabila ne ko bare? Wadda aka daka fa? Filin da gidan yake kai na ƙabila ne, ko an sayar wa wani farar fata tun zamanin kakanni? Laifin yana cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta keɓe wa kanta? Amsar waɗannan tambayoyi ce za ta nuna wanda shari'ar take hannunsa: kotun ƙabila, ko ta jiha, ko ta tarayya. Sau da yawa kafin a gama wannan lissafi mai laifi ya yi nisa, shaidu sun watse.

Ƙabilun nan sun haura 570, kuma dokar Amurka ta yarda cewa kowacce gwamnati ce mai cin gashin kanta gwargwadon hali. Da yawansu suna da majalisa, da tsarin mulki a rubuce, da 'yan sanda, da alƙalai. Abu ɗaya aka zare musu, kuma shi ne ƙashin bayan kowace hukuma: ikon hukunta duk wanda ya yi laifi a ƙasarsu, ko ɗan gida ne ko bare. A ganina duk wani gyara da za a yi wa tsaro da shari'a a waɗannan yankuna, in ba a taɓa wannan ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wata mata mai suna Diane Millich, 'yar ƙabilar Southern Ute a jihar Colorado, ta ba da labarinta a bainar jama'a ranar 7 ga Maris, 2013, a wajen bikin da Shugaba Barack Obama ya sa hannu a sabunta dokar yaƙi da cin zarafin mata. Ta auri wani bare, suka zauna a gidanta a cikin yankin ƙabilarta. Ba a daɗe ba ya fara dukanta. Ta kira 'yan sandan ƙabila, suka ce ba su da hurumi a kansa domin ba ɗan ƙabila ba ne. Ta kira na gunduma, suka ce su ma ba su da hurumi domin ita 'yar ƙabila ce, kuma a ƙasar ƙabila abin ya faru. Masu gabatar da ƙara na tarayya, waɗanda su ne doka ta ɗora wa nauyin, ba su ɗauki maganar ba. Ta ce akwai ranar da bayan ya gama dukanta, shi da kansa ya ɗauki waya ya kira 'yan sandan ɓangarorin biyu, don kawai ya nuna mata babu mai iya taɓa shi. Da ta gudu daga gidan, sai ya bi ta wurin aikinta da bindiga. Wani abokin aikinta ne ya ture ta, harsashin ya same shi a kafaɗa. Ko a ranar ma sai da masu bincike suka ɗauko awo suna gwada tazarar da ke tsakanin inda aka yi harbi da inda harsashi ya sauka, kafin a san hukumar da za ta riƙe shari'ar.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne kiran wayar da mijin ya yi. Ya san dokar, ya san inda ta yage, kuma ta nan ya bi. Azzalumi ba ya buƙatar karanta littafin shari'a kafin ya gane inda babu hukunci. Sau ɗaya zai gwada ya ga ba abin da ya biyo baya.

Wannan yagewa ba da kanta ta faru ba, kuma an san ranakun da aka yi ta. A 1881 wani mutumin Lakota mai suna Crow Dog ya harbe wani shugaban ƙabilarsu, Spotted Tail, a yankin Rosebud. Dattawa suka shiga tsakani bisa al'adarsu, aka biya iyalin mamacin dala 600 da dawaki takwas da bargo ɗaya, aka rufe magana. Duk wanda ya san diyya da sulhu ba zai ga baƙon abu a nan ba: an tsayar da jini, an kula da waɗanda aka bari, dangi biyu sun ci gaba da zama a gari ɗaya. Jami'an gwamnati ba su ga haka ba. Suka kama Crow Dog, kotunsu ta yanke masa hukuncin rataya. A 1883 Kotun Ƙoli ta ce a sake shi, domin wannan shari'a ta ƙabila ce. Shekara biyu bayan nan, a 1885, majalisar dokoki ta yi doka ta kwashe manyan laifuffuka bakwai, ciki har da kisa da fyaɗe da ƙone gida, ta mayar da su hannun kotunan tarayya. Daga baya jerin ya ƙaru.

Sai dokar rabon filaye ta 1887, wadda ta yayyanka ƙasar ƙabilu gona-gona, abin da aka ce ya yi saura aka buɗe wa fararen fata. Ƙasar da take eka miliyan 138 ta koma kusan miliyan 48 a 1934. Abin da ya sa ke nan yau za ka ga gida na ƙabila, na kusa da shi na bare, na gaba kuma na ƙabila, kowanne da hukumar da take da iko a kansa. A 1953 aka sake miƙa hurumin laifuffuka a wasu jihohi, kamar California da Minnesota da Wisconsin, ga gwamnatocin jihohin, ba a tambayi ƙabilu ba, ba a kuma ba jihohin kuɗin aikin ba. A 1968 aka ƙayyade wa kotunan ƙabilu cewa ba za su ɗaure kowa fiye da wata shida ba, kome girman laifinsa. A 1986 aka ɗaga zuwa shekara ɗaya.

Bugun da ya fi kowanne zafi ya zo ne a watan Maris na 1978. Wani bare mai suna Mark Oliphant, mazaunin yankin ƙabilar Suquamish a jihar Washington, 'yan sandan ƙabila sun kama shi a lokacin bikinsu na shekara-shekara, bisa zargin ya kai wa ɗan sanda hari. Ya ce kotunsu ba ta da iko a kansa. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya, alƙalai shida suka rinjayi biyu, suka ce babu wata ƙabila da take da ikon gurfanar da wanda ba ɗan asalin ƙasa ba sai in majalisa ta ba ta. Alƙali Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a wannan kotu, yana cikin biyun da suka ƙi. Hujjarsa gajera ce: duk hukumar da take da alhakin kiyaye zaman lafiya a ƙasarta, dole ta iya hukunta mai karya doka a cikinta, matuƙar ba wata yarjejeniya ko doka da ta karɓe wannan iko. Shi ne mai gaskiya, kuma shekaru fiye da arba'in da suka biyo baya sun shaida masa.

To, tunda an hana ƙabila, wa aka bai wa? An bai wa mai gabatar da ƙara na tarayya, wanda ofishinsa yake babban birni, wani lokaci tafiyar awa huɗu ko biyar a mota, tebur ɗinsa cike da shari'o'in ta'addanci da safarar ƙwayoyi da zambar kuɗi. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Amurka ya duba abin da ya faru daga 2005 zuwa 2009. Cikin ƙararraki wajen 9,000 da suka fito daga yankunan ƙabilu aka kammala dubawa, rabi an ƙi kai su kotu. A ɓangaren fyaɗe da makamantansa, kashi 67 cikin 100 aka ƙi. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne raunin shaida. Ban musa ba, amma yaya shaida ba za ta yi rauni ba, alhali mai binciken sai bayan kwana ɗaya ko biyu yake isowa, bai san kowa ba, ba a san shi ba, asibitin garin kuma ba lallai ne yana da ma'aikaciyar da aka horar ta ɗauki shaidar fyaɗe ba? Tsarin ne yake raunana shaidar, sannan ya kafa hujja da rauninta ya rufe fayil.

Waɗanda suke biyan farashin sanannu ne. Wani bincike da cibiyar nazarin shari'a ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2016 ya gano cewa fiye da kashi 84 cikin 100 na matan 'yan asalin ƙasar an taɓa cin zarafinsu a rayuwa, fiye da rabi kuma cin zarafin na lalata ne. Cikin matan da abin ya shafa, kashi 97 cikin 100 akwai aƙalla bare ɗaya a cikin waɗanda suka cuce su. Binciken ya haɗa har da mazauna birane, don haka ba duka ne suka faru a ƙasar ƙabila ba. Duk da haka yana nuna wa kowa cewa mutumin da aka hana kotun ƙabila ta taɓa, shi ne a tsakiyar matsalar.

Hatta tsayar da mota a kan titi sai da ya zama abin jayayya. Wani dare a watan Fabrairu na 2016, ɗan sandan ƙabilar Crow a jihar Montana ya ga wata babbar mota a gefen hanya, ya tsaya ya ga ko lafiya. Ya tarar da wani bare idanunsa jawur, da ƙaramin yaro a tare da shi, da manyan bindigogi biyu a kujerar gaba. Da aka bincika aka sami ƙwaya. Kotuna biyu na tarayya suka ce a watsar da wannan shaida, wai ɗan sandan ƙabila ya wuce gona da iri tunda ya ga alamar mutumin bare ne. Sai a 2021 Kotun Ƙoli, baki ɗayanta, ta ce ɗan sandan ƙabila yana iya tsare bare na ɗan lokaci ya bincike shi har masu hurumi su zo. Shekara biyar aka kwashe kafin a tabbatar wa ɗan sanda cewa yana iya tsayar da mai ɗauke da bindiga da ƙwaya da yaro da ƙarfe ɗayan dare. Kuma ikon tsarewa kawai aka tabbatar. In waɗanda aka kira ba su zo ba, dole ya sake shi.

Masu adawa da mayar da wannan iko suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ba su da ita ba. Suna cewa bare ba ya zaɓen shugabannin ƙabila, ba shi da murya a dokokinta, ga shi a ƙaramin gari inda alƙali da mai ƙara da ɗan sanda wataƙila duk dangi ne. Ina zai sami adalci? Wasu kuma suna nuna ƙabilun da majalisarsu kan tsige alƙali idan hukuncinsa bai yi mata daɗi ba. Wannan tsoro ba baƙo ba ne a wurinmu. A zamanin En'e, kotun alƙali ba ta da iko a kan Bature, daidai da abin da ake yi wa ƙabilun Amurka yau. Amma kuma iyayenmu sun ga yadda aka yi amfani da 'yan doka da wasu alƙalai aka gallaza wa 'yan NEPU, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Hukumar da take kusa da kai ta fi sanin ciwonka, ta kuma fi sanin inda za ta taka ka. Duk mai goyon bayan ikon gida, ko a can ko a muhawararmu ta 'yan sandan jihohi, ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Sai dai maganin alƙali azzalumi shi ne ƙa'ida da ɗaukaka ƙara. Ba a rufe kotu a bar gari babu alƙali. Batun zaɓe kuwa bai tsaya da ƙafafunsa ba: mutumin Texas da ya yi laifi a Arizona, kotun Arizona ce take hukunta shi, kuma bai taɓa zaɓen gwamnanta ba. Ɗan Faransa da ya yi sata a New York ma haka. Ƙabilu kaɗai aka ce wa baƙonsu ya fi ƙarfin dokarsu.

Kuma ba sai an yi ta hasashe ba, domin an gwada. Waccan doka ta 2013 ta buɗe ƙaramar ƙofa: kotun ƙabila tana iya gurfanar da bare idan ya daki matarsa ko budurwarsa 'yar ƙabila, ko ya karya umarnin kotu na nisantarta. An gindaya sharuɗɗa masu nauyi. Alƙali ya zama wanda ya karanci shari'a, a ba wanda ake tuhuma lauya kyauta in ba shi da hali, dokokin su zama a rubuce kowa yana iya gani, a naɗi zaman kotu, a kuma sa bare cikin waɗanda ake zaɓo masu taya alƙali yanke hukunci. Wanda yake ganin an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba yana da damar kai kuka kotun tarayya. Ƙabilu uku suka fara a 2014: Pascua Yaqui a Arizona, Tulalip a Washington, da Umatilla a Oregon. A 2018 ƙungiyar ƙabilun ƙasar ta tattara sakamakon ƙabilu 18 da suka shiga: an yi kame 143, an samu 74 da laifi, an wanke biyar, wasu an sallame su, kuma ba ko ɗaya da ya kai ƙorafi kotun tarayya cewa an zalunce shi. Shari'ar farko ma da masu taya alƙali suka saurara a Pascua Yaqui, wanke bare suka yi. Kotun da aka ce ramuwa za ta yi, ta saki mutum saboda hujja ba ta cika ba.

Gwajin ya kuma tona inda ƙofar ta yi ƙanƙanta. Mutum zai daki matarsa, ya daki ɗanta, ya kuma mari ɗan sandan da ya zo rabo. Kotun ƙabila za ta iya tuhumarsa kan matar kawai, yaron da ɗan sandan kuwa sai a jira tarayya. A 2022 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da cin zarafin yara, da fyaɗe ko da babu wata alaƙa tsakanin mai laifi da wadda aka cuta, da bibiya, da safarar mutane don lalata, da kai wa ma'aikatan shari'a hari. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma matan ƙabilu ne suka yi shekaru suna zarya majalisa har aka samu. Amma har yanzu dillalin ƙwaya bare yana wajen hurumin kotun ƙabila, ɓarawo bare yana waje, mai tuƙi cikin maye yana waje. Ko a laifuffukan da aka yarda, mafi tsawon ɗaurin da kotun ƙabila za ta iya yi, tun dokar 2010, shekara uku ne a kan laifi ɗaya, tara a jimilla.

Me ya sa ake bayarwa da cokali? Majalisa tana da ikon gyara abin gaba ɗaya, kuma ta taɓa yin irinsa. A 1990 Kotun Ƙoli ta ce ƙabila ba za ta hukunta ɗan wata ƙabila daban ba. Nan da nan majalisa ta yi doka ta mayar da ikon, kotun kuma ta amince da hakan a 2004. A 2013 wani kwamiti da majalisa da fadar shugaban ƙasa suka naɗa, mai ɗauke da 'yan jam'iyyun biyu, ya ba da shawarar a bar kowace ƙabila ta zaɓi fita daga hurumin tarayya da na jiha ta riƙe shari'ar ƙasarta, tare da kafa kotun ɗaukaka ƙara ta musamman da za ta kare haƙƙin wanda ake tuhuma. Shawarar tana nan a rubuce, ba a aiwatar ba. Kotun Ƙoli kuwa sai gaba da baya take: a 2020 ta tabbatar da cewa ƙasar Muscogee a gabashin Oklahoma har yanzu ƙasar ƙabila ce, a 2022 kuma ta ce jiha ma tana iya gurfanar da bare da ya cuci ɗan ƙabila a can. An ƙara wa jiha iko, an bar masu ƙasar a inda suke.

Iko kuma ba ya aiki da aljihu wayam, kuma a nan ne abin ya fi ɓata rai. Sharuɗɗan da na lissafa, lauya kyauta da alƙali mai ilimi, ga kuma gidan yari mai likita, duk kuɗi ne, shi ya sa ƙabilun da suka iya amfani da dokar 2013 'yan kaɗan ne cikin ɗaruruwa. Hukumar da ke kula da harkokin 'yan asalin ƙasa ita da kanta ta gaya wa majalisa cewa a 2021 abin da ake kashewa kan 'yan sanda da kotuna da gidajen yari na ƙabilu bai wuce kusan kashi 13 cikin 100 na abin da ake buƙata ba. Ƙasar Navajo ta kai murabba'in kilomita 71,000, kusan girman jihar Borno, amma 'yan sandanta wajen 200 ne. A Alaska, wani bincike da 'yan jarida suka yi a 2019 ya gano cewa ƙauye ɗaya cikin uku ba shi da ɗan sanda kowane iri. Yawancin ƙauyukan babu titin da ya kai su, sai a jira jirgi, jirgin kuma sai yanayi ya yi kyau.

A Pine Ridge, ƙasar Oglala Lakota a jihar Dakota ta Kudu, ƙabilar ta kai gwamnatin tarayya ƙara a 2022. Ta ce 'yan sanda 33 da masu bincike takwas ne suke amsa kiran gaggawa fiye da 100,000 a shekara, a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita wajen 14,000. Mace za ta kira, ɗan sandan da yake bakin aiki yana can wani gari, kafin ya iso an yi ihu bayan hari. Ƙabilar ta kafa hujja da yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868, inda Amurka ta yi alkawarin kama miyagun mutane da suka cuci 'yan ƙabila ta hukunta su. A 2023 alƙalin tarayya Roberto Lange ya yarda cewa akwai wannan nauyi a wuyan gwamnati. Don haka kuɗin nan bashi ne. An karɓi ƙasa, an ba da alkawarin kariya a madadinta, ƙasar tana hannu har yau.

Ba kuma kowane mai laifi ne bare ba. A watan Mayu na 2016 aka sace wata yarinya 'yar shekara 11, Ashlynne Mike, kusa da Shiprock a ƙasar Navajo, kuma wanda ya kashe ta ɗan ƙabilarta ne. Abin da ya girgiza mutane shi ne saƙon gargaɗin satar yara, wanda a sauran Amurka yake shiga wayoyin jama'a cikin ɗan lokaci, bai fita ba sai tsakar dare, sa'o'i da yawa bayan an kai rahoto, saboda ƙabilar ba ta da nata tsarin aika shi. Sai a 2018 aka yi doka da sunanta don ba ƙabilu kuɗin kafa wannan tsari. Haka ma sai bayan kisan wata 'yar ƙabila mai suna Savanna LaFontaine-Greywind a garin Fargo a 2017, tana da cikin wata takwas, aka yi dokar 2020 da ta umarci ma'aikatar shari'a ta tsara yadda ake bin sawun matan ƙabilu da suka ɓace. Yana da ciwo a ce kowane ɗan gyara sai an samu gawar da za a sa wa dokar sunanta.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa idan ana lissafin 'yan sanda da gidajen yari. Mutanen nan suna da hanyoyinsu na gyara ɓarna tun kafin a kawo musu kurkuku. Navajo sun dawo da zaman sulhu cikin tsarin kotunansu a 1982: wani dattijo da jama'a suka yarda da shi zai tara wanda ya yi laifi da wanda aka yi wa da dangin kowanne, a yi magana har a kai ga abin da za a biya da abin da za a gyara, dangin mai laifi kuma su ɗauki nauyin sa masa ido. Ƙabilu da dama suna da kotunan da suke bin mashayi da magani da sa ido maimakon ɗauri. Ban yarda a kai shari'ar fyaɗe ko dukan mace zaman sulhu ba tare da yardarta ba, domin mun san yadda dangi suke danne mace da "ki yi haƙuri". Amma yaron da ya fasa shago, ko wanda giya ta kayar, gidan yarin tarayya mai nisan kilomita ɗaruruwa daga uwarsa ba zai gyara shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kotun da take da cikakken iko ce kaɗai take iya zaɓar wanda za ta ɗaure da wanda za ta mayar hannun danginsa.

Ana iya rage ɓarna tun kafin majalisa ta motsa. Inda gunduma da ƙabila suka rattaba hannu cewa ɗan sandan kowane ɓangare yana iya kama mai laifi a madadin ɗayan, tambayar wane ne bare tana komawa ofis bayan an kama mutum, maimakon ta tsayar da aiki a bakin ƙofa. Tun 2015 aka fara ba ƙabilu damar shiga rumbun bayanan masu laifi na ƙasa, ta yadda umarnin da alƙalin ƙabila ya bayar na nisantar mace zai bayyana a kwamfutar ɗan sandan jiha. A 2021 Deb Haaland, 'yar ƙabilar Laguna Pueblo kuma 'yar asalin ƙasa ta farko da ta zama minista a Amurka, ta kafa sashe na musamman mai binciken waɗanda suka ɓace ko aka kashe. Duk waɗannan suna da amfani. Rauninsu shi ne sun rataya ga yardar wanda yake kan kujera: sabon shugaban 'yan sandan gunduma yana iya yaga yarjejeniyar, sabuwar gwamnati tana iya rage kuɗin sashen.

Shi ya sa nake ganin dole majalisar dokokin Amurka ta soke tasirin hukuncin 1978 gaba ɗaya ga duk ƙabilar da ta cika sharuɗɗan adalci da aka riga aka gwada, ta ɗage iyakar shekara uku, ta kafa kotun ɗaukaka ƙarar da kwamitin 2013 ya nema, sannan ta sa kuɗin 'yan sanda da kotunan ƙabilu cikin kasafin da ba a taɓawa, maimakon tallafin shekara biyu ko uku da ake sa ƙabilu su yi takara a kansa. Ƙabilar da ba ta shirya ba, ko ba ta so, a bar ta da tsarin da take kai har ta shirya. Wadda ta shirya kuwa, kamar Pascua Yaqui da Tulalip da suka shafe fiye da shekara goma suna gurfanar da bare a gaban idon kotunan tarayya, ban ga hujjar da ta rage ta hana su gurfanar da mutumin da yake sayar wa 'ya'yansu ƙwaya a bakin makaranta ba.